Shawarwari Ga Manoma: Kwikwiyon Gadi

Wani mai kiwon awaki daga wajen Gumel ya rubuto cewa ɓarayi sun addabe shi, shi ne ya samo kwikwiyo ɗan wata ɗaya ya kulle a tsohon rumbu don kada ya saba da kowa, yana zuba masa barkono a tuwo wai don ya yi zafi. Yana tambayar yaushe zai sake shi.

Malam, ka sake shi yau ɗin nan. Na gaji da jin wannan maganar ta barkono, ba abin da yake sa wa kare sai zawo. Tun farko ma ka yi gaggawar raba shi da uwarsa, kamata ya yi ya cika sati 8 a wurinta. Ana haihuwar kwikwiyo ido a rufe, kunne a toshe, sai bayan kwana 10 zuwa 14 idon ke buɗewa. Daga sati na 3 zuwa wajen na 12 kuwa, duk abin da ya gani ya shinshina, mutum ne ko akuya ko kaza, shi zai ɗauka nasa har tsufansa. A lokacin ne kuma yake koyon cizon wasa: in ya danne ɗan'uwansa da haƙori, wancan ya yi ƙara ya bar masa wasan, sai ya gane ya wuce gona da iri. Wanda ya yi waɗannan makonnin a cikin duhu matsoraci yake tashi, shi kuwa matsoracin kare ɗan gida yake cizo, in ɓarawo ya ɗaga sanda ya ruga. Tunda awaki kake so ya tsare, ka mayar da makwancinsa cikin garken, kusa da ƙananan, ka yi masa ɗan lungun da manyan ba za su tunkuye shi ba. Yaran gida su riƙa zuwa wurinsa. Haushin gadi da kansa zai zo in ya doshi shekara.

Wata Hajiya daga Funtua ta ce nata ɗan wata huɗu ya cinye takalma. Hajiya, famfara yake yi, dasashinsa ke ƙaiƙayi. Haƙora 28 ne za su zube, 42 su fito. A ba shi igiya mai kauri, a ɗauke takalman.

Mai tambayar kwikwiyon da ke bin ƴan tsaki: jinin farauta ne, a tsawata masa nan take, in an jira yamma ba zai san laifin da ya yi ba.

Sai wanda ya wanke nasa da fiya-fiya saboda kaska, ga shi yana dalalar miyau yana karkarwa. Haba ɗan'uwa! Guba ce ka shafa masa, ta fata take shiga. Wanke shi da sabulu da ruwa mai yawa, ka garzaya asibitin dabbobi. Kaska kan ɗan kwikwiyo da hannu ake cire ta. Kuɗin da kake kashewa kan feshi, ka sayi maganin tsutsar ciki da shi, don yawancinsu tun a cikin uwa suke ɗaukar tsutsar. In ya cika wata 3 a yi masa allurar haukan kare, wadda cibiyar binciken dabbobi ta Vom, kusa da Jos, ma tana haɗawa.