Tambaya da Amsa: Ina Hango Eriyar, Amma Sigina Ya Ƙi Zama

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna da ofis a Agege da sito a Mile 12, tazararsu kusan kilomita 9. Mun kafa rediyon intanet mai aiki a 5.8GHz a kan benaye biyun. Da madubin hangen nesa ina ganin ƙarfen eriyar can, amma ƙarfin sigina a ma'aunin rediyon bai wuce -74dBm ba, ga yankewa. Mai kafawa ya ce mu sayi rediyo mai ƙarfi. Mu saya? Daga wani mai karatu a Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, kada ka fitar da kuɗi tukuna. Ganin ido daban, hanyar sigina daban. Sigina ba ya tafiya a siriri kamar zare. Yana cika wani fili ne mai siffar kwale-kwale, tsukakke a bakin eriya biyu, mai faɗin ciki a tsakiya. Ana kiran filin yankin Firenel, da sunan wani masanin Faransa. Duk abin da ya kutsa cikinsa, ko da bai tare maka gani ba, zai ci ƙarfin sigina. Idan layin ya shafi kan gini daidai, ana asarar kusan 6dB, wato kashi uku cikin huɗu na ƙarfin.

Ga lissafin da za ka yi a kalkuletar waya. Raba tazara a kilomita da lambar GHz ta rediyonka: 9 a raba da 5.8 ya ba da 1.55. Danna alamar √, ka samu 1.25. Ninka da 8.66, ka samu kusan mita 10.8. Wannan shi ne zurfin yankin daga layin gani zuwa gefensa na ƙasa a tsakiyar hanya. Ƙa'idar aiki ita ce kashi 60 cikin 100 nasa ya zama fayau, wato mita 6.5. Sai ka ƙara doron ƙasa, don duniya ba shimfiɗaɗɗiya ba ce: ninka rabin tazara da kanta, ka raba da 17. A naka, 4.5 sau 4.5 a raba da 17, mita 1.2 ke nan.

Yanzu a ce akwai bene mai mita 15 a tsakiyar hanya, har da tankin ruwan da ke kansa. Dole layinka ya wuce a mita 15 da 6.5 da 1.2, kusan mita 23. Idan a mita 17 yake wucewa, za ka hango ɗaya eriyar sarai, sigina kuwa yana gogar tankin. Muna kyautata zaton abin da ke damunka ke nan. Da 2.4GHz ka kafa ma da abin ya fi muni, domin a can mita 10 ake bukata maimakon 6.5.

Don tabbatarwa, fara da taswira. Sa wuraren biyu a Google Earth ko LINKPlanner (manhajar lissafin hanyar sigina), ka ja layi, ka duba hawa da gangaren ƙasa, tunda ɓangaren Agege da Ikeja ya fi na Mile 12 tudu. Amma kada ka dogara da taswira kaɗai. Yawancinsu ƙasa suke nunawa, ba su san benen da aka ɗora wa hawa biyu bara ba, kuma a Legas gini ba ya tsayawa. Ka bi layin da ƙafa ko a mota, ka rubuta kowane dogon abu: bene, allon talla, hasumiyar kamfanin waya, bishiyar mangwaro. Tsayin bene kuwa, ƙirga hawa ka ninka da mita 3, ka ƙara rufi da tanki.

Daga nan sai gwajin haske, wanda ya fi kowane araha. Mutum ɗaya ya tsaya a daidai inda eriya take da madubi, ya riƙa wulla hasken rana zuwa ɗaya ɓangaren, ko da daddare da tocila mai ƙarfi, kuna magana ta waya. Abin da mutane ke mantawa shi ne mataki na biyu: kowannenku ya sauko mita 6 ko 7 ƙasa da eriya, ta taga ko matakalar bene, ku sake gwadawa. Idan har yanzu ana ganin hasken, hanya a buɗe take. Idan ya ɓace, ka san nawa za a ɗaga. Kada ku yi wannan gwaji da hazon hunturu, zai ruɗe ku.

Sai ka kwatanta da abin da manhajar lissafi ta ce ya kamata ka samu. Bambancin 3dB ba komai ba ne. Idan ya kai 10dB, ko dai akwai abin da ya tare, ko an saita eriya a kan gefen sigina maimakon cibiyarsa. A sassauta ƙusoshi, a juya eriya ɗaya a hankali hagu da dama har a wuce inda ya fi ƙarfi a dawo, sannan sama da ƙasa, kafin a taɓa ta biyun.

In ɗagawa ta zama dole, ka tuna Agege na maƙwabtaka da filin jirgin Murtala Muhammed. Doguwar hasumiya tana bukatar izinin tsayi daga NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, da na LASIMRA, hukumar jihar Legas mai kula da kafa hasumiya. Wani lokaci ya fi sauƙi a nemi bene na uku a tsakiya a yi zango biyu.

Tambaya: Namu daga Ikorodu zuwa Ajah ne, kusan kilomita 17, duk bisa ruwa. Babu gini ko ɗaya, amma sigina yana hawa da sauka, musamman da asuba. Daga wata mai karatu a Ikorodu.

Amsa: Hajiya, ruwan ne da kansa. Idan ya kwanta lumui sai ya zama madubi, sigina ya daki fuskarsa ya tashi ya iso eriya a makare, ya soke wani ɓangare na wanda ya zo kai tsaye. Da ruwa ya ƙaru ko ya janye, wurin dukan ya gusa, shi ya sa lambar ba ta zama. Iskar asuba mai laima kuma tana lanƙwasa hanyar sigina.

A wannan tazara, in rediyonku na 5.8GHz ne, layin yana bukatar aƙalla mita 13 sama da ruwa a tsakiya: kusan 9 na yankin Firenel, 4 da ɗoriya na doron ƙasa. Idan kun cika wannan, a riƙa ɗaga ko sauke eriya ɗaya rabin mita rabin mita, ana rubuta sigina na kwana guda a kowane mataki, a zauna inda ya fi natsuwa. A sa farantin eriya mai tattara sigina a tsukakkiyar hanya, irin mai lambar 30dBi ko sama. In da hali, a ja eriyar baya a kan rufi yadda katangar benen za ta ɓoye mata fuskar ruwa, ta bar mata hangen ɗaya eriyar kawai. A kuma naɗe mahaɗar waya da tef mai hana ruwa, don iskar gishiri ta wannan yanki tana cin ƙarfe da wuri.