Amsa ga Alhaji kan yaron da ya kafe sai injiniyanci

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara girma. Na ga tambayarka tun daren jiya: yaronka zai gama sakandare bana, ya kafe shi injiniyanci zai karanta, kai kuma kana jin ana cewa masu kwalin sun cika Legas ba aikin yi, ko dai ka ja shi rumfarka a Mile 12 ya koyi kasuwa. Ni lantarki na karanta a wata jami'a a Arewa, bautar ƙasa ce ta kawo ni Legas, yau shekarata 16 ina cin abinci da wannan sana'a. Shawarata ka bar shi ya karanta, amma da sharaɗi.

Bari in faɗa maka inda na samo sharaɗin. Makona na farko a wata masana'antar roba a Ikeja, wani inji ya tsaya cak. Shugaban ma'aikatan, wani dattijo Bayarabe da bai taɓa shiga jami'a ba, ya miƙo min mita ya ce, "Injiniya, duba mana." Na buɗe akwatin wuta, ga wayoyi ja da rawaya da shuɗi, lissafinsu duk yana kaina, amma wallahi ban san inda zan ɗora tsinken mitar ba. Gumi ya jiƙa min riga. Dattijon nan ya matso, ya kashe wuta, ya kai hanci ya shinshina, ya nuna wata kwantakta, wato makunnin da ke ba injin wuta, da ta ƙone. Minti goma inji ya tashi. Wata takwas na yi ina riƙe masa jakar kayan aiki, kuma har gobe ina yi masa fatan alheri. Yawancin yaran da kake ji ana cewa ba su da aiki, a gaban irin wannan akwati suka tsaya, ba su sami mai riƙe musu hannu ba, ko kuma girman kai ya hana su durƙusawa.

Don haka ka fara duba yaron da kansa. Yaya yake da lissafi? Ba na nufin ya ci jarrabawa da taimakon wani, ina nufin ya zauna da tambaya ɗaya awa guda bai tashi ba. A JAMB zai rubuta Turanci, lissafi, fiziks da kemistiri, kuma lissafin nan ba zai rabu da shi ba har ya gama shekara biyar ɗin jami'a. Idan kuma shi ne mai kwance fanka da rediyo a gida kuna yi masa faɗa, to ku daina faɗan.

Kafin ka biya ko sisi, ka tabbatar sashen da zai shiga yana da amincewar NUC, hukumar kula da jami'o'i, da ta COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista tun 1970. Na ga yaran da suka gama, sai wajen rajista suka gane sashensu ba ya cikin waɗanda aka amince da su. Bayan kammalawa ma sai ya yi aƙalla shekara huɗu yana aiki kafin ya nemi rajistar. Kada kuma a raina foliteknik. Yabatech, kwalejin fasaha ta Yaba, tana nan tun 1947: ƙaramar difloma (ND) shekara biyu, shekara guda ta aiki, sai babbar difloma (HND) shekara biyu. Gaskiya ne a aikin gwamnati ana fifita mai digiri, amma a masana'anta hannu ake kallo.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne wata shidan nan na sanin makamar aiki da ake tura ɗalibai a aji huɗu na jami'a, wanda ake kira SIWES. Yara da yawa gida suke komawa su kwanta, a sa musu hannu a littafi, shi ke nan. Idan lokacin ya zo, kai da kanka ka tsaya ya tafi inda mai da ƙura za su taɓa shi, ko da kuɗin mota kawai za a ba shi. A nan ake sanin mutane, a nan ake ɗaukar yaro aiki tun bai gama ba.

Batun aiki kuwa, ai kana Legas. Matatar Ɗangote a Lekki an gina ta ne don tace ganga 650,000 a rana. Ga tashar wuta ta Egbin a Ikorodu mai megawat 1,320, ga tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can da Lekki, ga jirgin ƙasan Marina zuwa Mile 2 da ya fara ɗaukar mutane a 2023, ga masana'antun Ikeja da Ilupeju. Duk ƙarfe ne da waya da siminti, kuma kullum suna neman gyara. Albashin farko dai ƙarami ne, yaron rumfarka na iya fin sa samu a shekarun farko, wannan kam ka shirya masa. Amma wanda ya iya haɗa sola da gyaran janareta ba ya jiran kowa ya ɗauke shi.

Akwai abin da yake ci min rai. Wuraren aiki da yawa da nake shiga, Bahaushen da zan gaisa da shi yana bakin ƙofa ne yana gadi, ko yana ɗauko yashi. Sana'a ce ta halak, Allah ya yi musu albarka, amma ina so in ga yaranmu riƙe da zanen aikin, maza da mata.

Idan ka amince, ranar Asabar ina da aikin haɗa sola a wani gida a Agege. Ka turo shi da ƙarfe bakwai na safe, ya sa takalmi mai rufi. Zan hau da shi kan rufi ya riƙe min waya har la'asar, da dare kai kuma ka tambaye shi ko yana so ya koma.