Kuɗin tasi daga jirgi zuwa jirgi a Jidda: amsa ga ɗan ƙanwata

Ɗana, na saurari saƙonka. Tunda ba kai kaɗai ke damuna da irin wannan tambaya ba, bari in amsa a fili kowa ya gani, in huta da maimaici. Ka ce wani ejan ya samo maka aikin kicin a jirgin ruwan masu yawon shaƙatawa da ke tashi daga Jidda. Zai kai ka Bur Sudan ta sama, ka hau jirgin ruwan fasinja daga Sawakin, tashar ruwa ta Sudan, da bizar Umara, in kun iso ka tari tasi zuwa inda babban jirgin yake tsaye, ka nuna takarda a karɓe ka. Abin da kake son sani shi ne nawa tasin zai ci, in kuma da hali Kawu ya zo ya ɗauke ka.

Duk cikin wannan zance, wai kuɗin tasi ne ya tsaya maka a rai.

To, mu fara da tasin. Kana ɗaukar tashar jiragen ruwa ta Jidda, wadda a nan kowa ke ce wa mina, kamar tashar Unguwa Uku ce, ka sauko daga wannan mota ka ɗaga wa ɗan adaidaita hannu ya kai ka ga waccan. Mina gari ce guda da aka kewaye, matsayar jirage a cikinta ta haura 60. Ga ɓangaren kwantena, ga na hatsi, ga na dabbobin da ake shigowa da su daga Sudan da Somaliya, ga na fasinja a gefe guda. Kowace ƙofa da jami'an tsaro, kuma mota ba ta wucewa sai da tasrihi, wato takardar izinin shiga. Ni da nake shiga kusan kullum, tasrihina yana ɗauke da sunana da lambar igamata, wato katin izinin zamana a ƙasar, da lambar motar kamfani. Ranar da aka canza min mota, sai an sake takarda kafin in wuce. Babu wani tasi da ke zirga-zirga a bakin ruwa yana sauke mutane daga wannan jirgi zuwa wancan, ko nawa za ka ba shi.

In jirgin Sawakin ya tsaya, ba za ka taka da ƙafarka ka nufi inda ka ga dama ba. Za a kwashe ku zuwa zauren fasinja, jami'an jawazat, wato na shige da fice, su ɗauki hoton yatsunka, su duba bizarka da katin rigakafin shawara, 'yan kwastan su bincike jakarka, sannan a fito da kai. Daga nan kana cikin gari. Komawa ciki ta ɓangaren jiragen shaƙatawa sabuwar shiga ce: ko dai kana da tikiti sunanka na cikin jerin fasinjoji, ko kuwa kai ma'aikaci ne wakilin jirgin ya shigo da kai. Tasi iyakarsa inda aka yarda motocin haya su tsaya.

Wanda ya biya kuɗinsa na halak don yawo, yake son sauya jirgi, nasa mai sauƙi ne, ba zan tsawaita ba. Ya sayi layin waya na STC ko Mobily ko Zain, da fasfo da hoton yatsa ake sayarwa, ya kira mota ta Uber ko Careem ko Jeeny ko Bolt, ya ga farashi a wayarsa tun kafin ya shiga. In tasin titi ne, koraye ne masu lasisi, ya ce wa direba ya kunna addad, wato mitar kuɗin tafiya, in ya ƙi ya nemi wani. Riyal 3.75 ne dala ɗaya, haka yake tun 1986, saboda haka lissafin ba wuya. Mutanen da za su tare shi a bakin ƙofa suna raɗa masa "mushwar, mushwar", wato ko za a kai shi wani wuri, su ne 'yan kaddad, masu haya da motar gida ba izini. Hukuma na farautarsu, tararsu dubban riyal ce, kuma in aka tsayar da motar ana bincike, baƙon da ke ciki da akwatinsa shi ma sai ya yini yana amsa tambaya. Kada kuma ya tsara sauka da hawa a rana ɗaya. Jiragen Sawakin ba su san agogo ba, tun daga lodi har layin jawazat, shi kuwa jirgin shaƙatawa in ya rufe ƙofa ya rufe. Gara ya kwana a wani masauki a Balad, wadda ke maƙwabtaka da mina, da safe ya tafi a tsanake.

Akwai abin da ke cin mutane da yawa: ba sa tambayar wace tasha ce. Jiragen shaƙatawa na farko da suka yi yawo a Bahar Maliya daga ƙasar nan a 2020 ba daga Jidda suka tashi ba, daga tashar Sarki Abdullah ne kusa da Rabig, fiye da kilomita 100 arewa da mu. Sai a 2021 aka buɗe zauren jiragen shaƙatawa a minar Jidda, jirgin MSC Bellissima ya fara lodi a nan. Ga kuma Yanbu, sama da kilomita 300. Ga Dammam can a ɗaya gaɓar, sai ka ratsa ƙasar gaba ɗaya, fiye da kilomita 1,000. In ka ce wa direba "mina" kawai, ta Jidda zai kai ka. Mai zuwa wajen Rabig ma ya fi masa sauƙi ya hau jirgin ƙasa na Haramain daga tashar Sulaimaniyya ya sauka a birnin Sarki Abdullah, sannan ya nemi mota daga can.

Wannan duk na mai tikiti ne. Kai kuwa ka ce aiki za ka zo yi, kuma a nan ne raina ya ɓaci.

Ka san sana'ata, ko da yake a gida an ɗauka tuƙi duk tuƙi ne. Na fara da direban gida, ina kai yara makaranta, ina jiran uwar gida a bakin kasuwa har tsakar dare cikin gumin Jidda da ba ya bushewa. Sai da na yi shekaru kafin na samu aka mayar da kafalata, wato ɗaukar nauyin zamana a ƙasar, kan wani kamfanin wakilcin jirage, kuma ba wanda ya tsaya min, takarduna ne da tsabtar lasisina suka yi magana. Aikina yau shi ne ɗaukar ma'aikatan jirgi daga filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz zuwa mina, ko daga mina zuwa filin jirgi. 'Yan Filifin, Indiyawa, 'yan Indunusiya, 'yan Yukiren, Misirawa, kowane iri na ɗauka. Ban taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu ya tari tasi ya je ya kama aiki ba. Tun kafin ya bar ƙasarsu kamfani ya aiko mana da sunansa da lambar fasfonsa da ta littafinsa na ma'aikacin jirgi. Mandub ɗinmu, wato mai bin takardun kamfani, ya gama da jawazat. Ni kuma in tsaya da allo ɗauke da sunan jirgin, in ɗauke shi, mu wuce ƙofa da takarda, in miƙa shi a ƙasan matakala a sa min hannu cewa an karɓa. Ko mai wankin kwanoni ne haka ake masa, domin in ya ɓace a hanya, kamfanin da wakilin ne za su amsa a gaban hukuma. Kuɗin motar ma ba ya fita daga aljihunsa. Saboda haka duk ejan da ya ce maka "ka tari tasi ka je", ko dai bai taɓa ganin mina ba, ko kuma ya san babu jirgin da ke jiranka.

Sannan bizar Umara ta ibada ce. Ba a aiki da ita, ba a tudu ba, ba a ruwa ba. Wane kamfani ne mai jirgin biliyoyi zai ɗauki ma'aikaci da bizar Umara? Kana da takardar horon STCW, wanda ake koya wa mutum kashe gobara da tsira a teku da taimakon gaggawa? Kowa sai da ita, har mai yankan albasa. Kana da littafin ma'aikacin jirgi daga NIMASA, hukumar kula da harkokin jiragen ruwa ta Najeriya? An yi maka gwajin lafiya irin na masu aikin teku? Ka ga kwantiragi da sunan jirgi da albashi da adadin watanni? Ba ka ambaci ko ɗaya ba, sai dai ka ce ya nemi rabin kuɗinsa yanzu, rabi in ka iso. Yarjejeniyar ƙwadagon ma'aikatan teku ta 2006, wadda Najeriya ta amince da ita, ta hana a karɓi kuɗi a hannun ma'aikaci don a sama masa aiki. Abin da zai iya biya shi ne fasfonsa da littafinsa da gwajin lafiya. Biza ma mai jirgi ke biya.

Ka kuma tambaye shi sunan jirgin. Tun da 'yan Husi suka fara kai wa jirage hari a ƙarshen 2023, manyan kamfanonin shaƙatawa da yawa sun janye daga Bahar Maliya, harkar ta ja baya, mu da ke cinta mun ji a jikinmu. Wanda aka fi sani da Jidda yanzu shi ne AROYA, na kamfanin Cruise Saudi, da ya fara aiki a Disambar 2024, kuma shi ma ba ya shekara a nan, a bazarar 2025 daga Istanbul yake lodi. In ya ba ka suna, ka sa shi a MarineTraffic a wayar nan da kake turo min saƙo da ita, za ka ga inda jirgin yake a taswira.

Batun Sudan kuwa, ban san me ya shiga kanka ba. Na san za ka ce ai hanyar kakanni ce. Gaskiya ne, da ƙafa suka bi ta Chadi, suna noma suna ci gaba, wasu suka kai Sawakin suka tsallako a kwalekwale, wasu suka yada zango a Mai Wurno da sauran garuruwa har yau jikokinsu na can. Amma tun 15 ga Afrilun 2023 Sudan take cikin yaƙi. A idona jirage suka riƙa sauke mutanen da aka kwaso daga Bur Sudan a nan Jidda, ɗalibanmu kuma aka fitar da su da ƙyar, wasu ta iyakar Masar bayan sun kwana a sahara. A Mayun 2025 jirage marasa matuƙa suka kai hari Bur Sudan ɗin kanta, har filin jirgin da ejan ɗinka ke cewa zai sauke ka. Mutane na neman hanyar fita, kai kana biyan kuɗi a shigar da kai. Jiragen da ke tsallakowa ma ba duka ne abin dogaro ba. A Yunin 2022 wani da aka yi wa lodin tumaki fiye da kima ya nutse a Sawakin tun bai bar tasha ba, da dabbobi sama da 15,000. Mutumin da zai iya kai ka Jidda kai tsaye daga Kano cikin sa'o'i kaɗan amma ya zaɓi ya zagaya da kai ta can, akwai abin da yake ɓoyewa.

Yanzu ga maganar "Kawu ya zo ya ɗauke ni". Ba zan zo ba, kuma gara ka ji daga bakina. Motar da nake tuƙawa ta kamfani ce, da na'ura a jikinta, duk inda na tsaya ana gani. Baƙo irina ba shi da izinin yin haya da motar kansa ta manhaja, an keɓe wa 'yan ƙasa. Wanda kuma aka kama ya ɗauki mai karya dokar zama, ko ya ba shi masauki, tararsa tana kaiwa riyal 100,000, da ɗaurin wata shida, sannan a tasa ƙeyarsa gida. Ranar da bizarka ta ƙare ba jirgi ba aiki, kai ne wannan mutumin, ni kuma ni ne mai ɗaukar.

Ba da ka nake faɗa ba. An taɓa haɗa ni da Allah da Annabi a kan yaron wani maƙwabcinmu na gida, da labari shigen naka. Na karɓe shi, na ciyar da shi, na saya masa layi. Da ya tabbata babu aikin, na ce ya yi Umararsa ya koma kafin kwanakinsa su cika, har na ce zan cika masa kuɗin tikiti. Wata safiya na dawo daga aiki na tarar ya kwashe kayansa. Watanni ina kwana da fargabar a buga min ƙofa. Da aka kama shi aka kai shi tarhil a Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a kora gida, iyayensa ba su kira sun ce sannu ba, sai yawo suka yi da ni a unguwa wai ni na kore shi don ba na son wani ya samu. Har yau in na je gida mahaifinsa ba ya amsa sallamata a masallaci. Abin da ya fi ci min rai shi ne ejan da ya cinye musu kuɗi har biki suke gayyatarsa.

Kada kuma wani tsohon ɗan Kano-Jidda ya ruɗe ka da cewa in abin ya ƙi sai ka shige cikin 'yan uwa ka ɓace. Jiddar da ya sani babu ita. Karantina, Sabil, Gulel, Hindawiyya, Bitrumin, unguwannin da mutanenmu suka cika, an rushe su tun daga ƙarshen 2021 zuwa 2022. Yanzu ɗakin haya sai da kwantiragi a kwamfuta, layin waya sai da yatsa, asusun banki sai da igama.

In da gaske aikin teku kake so, ba na hana ka, sana'a ce mai kyau, na ga yara sa'anninka suna sauka da abin da suka tara sun gina wa iyayensu gida. Ka yi horon STCW a makarantar da NIMASA ta amince da ita, ka nemi littafinka, ka gyara Turancinka don da shi ake aiki a jirgi, ka kuma fara samun gogewa a kicin ɗin otal ko da a Kano ne, domin abin da suke fara tambaya ke nan.

Kafin Juma'a ka turo min abu huɗu: sunan jirgin, sunan kamfanin da zai ɗauke ka, hoton kwantiragin, da sunan wakilinsu a Jidda. Wakilan nan mun san juna, waya ɗaya zan yi. Fasfonka ya zauna a hannunka, kada ka ba shi ko da sunan za a buga biza. Ka kuma gaya wa mahaifiyarka na ji labarin filin Rijiyar Zaki da take shirin sayarwa, kada ta sa hannu a komai sai na kira ta bayan sallar Juma'a.