Yadda muka koya wa yara kiwon lafiya a Garwa

Malama kin tambaya yaya za ki koya wa 'yan firamare kiwon lafiya ba su yi gyangyaɗi ba, to ga abin da muka gwada a unguwarmu nan Garwa. Ki ajiye allo, sun gaji da shi a lekol. Mun shafa wa yaro ɗaya garin gawayi da ɗan mai a hannu ya bi kowa yana gaisawa, kan ka ce me hannaye duk sun yi baƙi, nan suka gane yadda kwalara ke yawo, sai muka ba su buta da sabulu suna wankewa suna waƙa har daƙiƙa 20.

Ruwan gishiri da suga su suka haɗa da kansu, lita 1 na tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali 6 na suga, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ban da tozo.

Amma wallahi wasan kwaikwayon tsargiya ya fi kama su, don yaranmu ba sa rabuwa da wanka a kogin Binuwai, wasu ma gani suke fitsarin jini alamar balaga ce. Ki gayyato iyaye mata ranar, su ke riƙe da randa da sabulun gida.