Tambaya da Amsa: Kwamfutata Tana Zafi Har Ta Mutu

Tambaya: Assalamu alaikum. Kwamfutata ta tafi-da-gidanka ta kai shekara huɗu. Da na yi minti ashirin ina aiki sai fanka ta kama ƙugi, can sai ta mutu da kanta. Na sayi faifan sanyaya mai fanka da ake ɗora ta a kai, ban ga canji ba. Ina mafita? — Wani malamin makaranta

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Mutuwar nan kare kanta take yi. Yawancin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, idan zafinsa ya doshi digiri 100 na Salsiyos yakan rage gudu, in abin ya ci tura sai ya yanke wuta don kada ya ƙone.

Fara da awo. Sauke manhajar auna zafi, Core Temp ko HWMonitor. Idan ba a aiki, digiri 40 zuwa 55 daidai ne. A aiki mai nauyi, 70 zuwa 85. Kullum sama da 90, akwai matsala. Danna Ctrl, Shift da Esc tare don buɗe Task Manager, wato jerin manhajojin da ke aiki, ka duba ko wata manhaja ce ta danne furosesa a ɓoye.

Amma kwamfuta mai shekara huɗu, zarginmu na farko ƙura ce. Bututun jan ƙarfe ne ke kwaso zafi daga furosesa zuwa wasu siraran ƙarafa masu kama da haƙoran mataji a bakin tagar iska, fanka kuma ta hura ta tsakaninsu. Can ƙura da zaren tufafi ke taruwa su daskare kamar auduga. Kara bayan hannunka a tagar: in fanka na ihu amma iskar da ke fita ba ta taka kara ta karya ba, hanya ta toshe. Shi ya sa faifan da ka saya bai yi maka rana ba, iska yake turawa ƙofar da ke rufe.

Kashe ta, zare caja, kwance notunan murfin ƙasa, sannan ka cire wayar batir daga babban allon lantarkin da ke cikinta kafin ka taɓa komai. Dafe fankar da yatsa, domin in iska mai ƙarfi ta juya ta fiye da kima tana iya lalata ta. Share da burushi mai laushi, ka hura daga ciki zuwa waje.

In zafin bai sauka ba, man da ke tsakanin furosesa da jan ƙarfen, wanda masu gyara ke kira tamal fes, ya bushe ke nan. Kwance jan ƙarfen, ka goge tsohon man da sinadarin isofirofil mai ƙarfin kashi 90 ko sama, ka ɗiga sabo kamar ƙwayar shinkafa, ya rufe fuskar furosesa ba tare da ya malala ba. Notunan da ke riƙe jan ƙarfen a kan furosesa galibi suna da lamba 1, 2, 3, 4. Bi su a jere, kana ɗaurewa kaɗan-kaɗan, don man ya bazu daidai. Don Allah ban da man goge baki, bushewa yake yi nan da nan. In ba ka saba kwance na'ura ba, ko garantinta bai ƙare ba, kai wa gwani.

Tambaya: A kan gado nake karatu da tawa. In ta yi zafi, zan iya ɗora mata ƙanƙara? — Wata ɗaliba

Amsa: Kul, 'yar'uwa! Sanyin kwatsam yana haifar da raɓa a cikinta, ruwa kuwa ajalin allon lantarkinta ne. Katifa da bargo ne ke toshe ramukan shan iska na ƙasa. Ɗora ta kan katako ko tire, ki ɗaga bayanta kamar santimita 2 zuwa 3.

Tambaya: Tawa tana zafi, kuma wurin da ake goga yatsa ya taso sama. — Wani mai karatu

Amsa: Wannan ya fi ƙarfin fanka, batirinka ne ya kumbura. Zafi da tsufa suna sa batirin litiyom ya tara iska a cikinsa, kuma yana iya kamawa da wuta. Daina caji yau ɗin nan, kada ka danna shi ko ka huda shi, ka kai a canza, tsohon kuma kada ya shiga bolar da ake cinna wa wuta.