Neman Kunnen Doki Yayin Wasa da Kwamfuta

Tambaya: Malam, ina wasan ces (darar Turawa) da kwamfuta, saura minti biyu a agogon da ke ƙirga lokacin da aka ba ni, sai na nemi a tashi kunnen doki. Abokina ya ce wannan roƙo ne, ba ladabi ba. Shin na yi laifi?

Amsa: Ɗan'uwa, ba ka yi laifi ba, muddin ka bi ƙa'ida. Dokar FIDE, hukumar wasan ces ta duniya, ta ce ka fara motsa ɗanka a kan allo, sannan ka yi tayin, kafin ka danna agogo. Tayin ba ya janyuwa. Abin da aka hana shi ne ka yi ta maimaitawa har ka dami abokin karawa.

Amma ni a ganina, inda nauyin yake shi ne wajen mutumin da ke karɓa ko ƙin tayi a madadin na'urar. Kwamfuta ba ta gajiya, hannunta ba ya rawa, alhali kai zuciyarka na dukan uku-uku. Idan wasan ya kai inda da wuya wani ya ci, to ƙin karɓar tayi don kawai lokacin ɗan Adam ya ƙare abu ne da ke min ciwo ƙwarai, ko da doka ta yarda.

A wasan ƙarshe tsakanin Kasparov, tsohon zakaran ces na duniya, da Deep Junior, wata manhajar kwamfuta mai wasan ces, a New York a 2003, Kasparov ya yi tayi aka ƙi, bayan 'yan motsi kuma masu kula da na'urar suka dawo da tayin da kansu. Aka tashi 3–3 a jimillar wasanninsu shida.

Nan gaba, ka nema tun agogonka na da sauran numfashi, kuma sau ɗaya tak.