Gwaggo an farke mata ciki, Umma kuma an ce huji za a yi

Assalamu alaikum Anti. Daga Agege nake rubuto miki, raina a jagule. Ummanmu shekararta 59, al'ada ta ɗauke mata shekara takwas ke nan, sai ga jini ya dawo bayan babbar sallah. Wata biyu tana ɓoye mana saboda kunya. Da aka ɗebi ɗan nama a cikin mahaifar aka auna, likita ya ce kansa ce ta cikin mahaifa, amma ba ta yi nisa ba. Ya ce za a cire mahaifar ta 'yan huji uku ko huɗu da na'ura mai kyamara, ba sai an farke ciki ba.

Nan rigima ta tashi. Bara waccan Gwaggonmu ta yi kansar bakin mahaifa, ta roƙi irin wannan aikin, likitanta ya ƙi, ya farke ta. Yanzu Yaya, wanda shi zai biya da kuɗin tumatirin da yake sayarwa a Mile 12, ya kafe wai da aikin hujin na da kyau ai da an yi wa Gwaggo, gwaji kawai za a yi da uwarmu. Umma kuwa tsoron wuƙa take yi, ga ciwon suga, ga jiki. Sati uku ke nan ana ja-in-ja. Anti, wane likitan ne ke da gaskiya?

'Yarki daga Agege

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba Umma lafiya, ya sa kaffara ne.

Duka likitocin biyu suna da gaskiya. Yayanki ya haɗa ciwo biyu ya mai da su ɗaya ne don sunansu ya yi kama. Na Gwaggo a bakin mahaifa yake, yawanci ƙwayar cutar HPV ke kawo shi. Na Umma a shimfiɗar cikin mahaifa yake, ya fi kama wadda al'ada ta ɗauke wa, kuma ƙiba da suga na ƙara haɗarinsa.

Likitan Gwaggo ba mugunta ya yi ba. A 2018 aka fitar da wani babban bincike da ake kira LACC, kan mata 631 masu kansar bakin mahaifa a matakin farko. Bayan shekara huɗu da rabi, cikin waɗanda aka farke wa ciki kusan 96 cikin 100 ciwon bai dawo musu ba, na huji kuwa 86 ne. Tun daga nan likitoci suka koma farkewa ga yawancin masu irin ciwonta.

A ciwon Umma labarin ya sha bamban. Binciken LACE na 2017 ya bi mata 760, aka ga huji da farkewa kunnen doki suka yi wajen hana ciwon dawowa. Riba kuma tana wajen huji: jini kaɗan ake zubarwa, kwana ɗaya zuwa uku a gadon asibiti, ga saurin miƙewa. Ke da kanki kin san yadda babban yanka ke wahalar warkewa a jikin mai suga.

Amma ku sani tun yanzu, in an shiga an tarar mahaifar ta yi girma ko hanji ya manne, likita na iya juyawa ya farke cikin nan take, kuma ba kuskure ba ne. Za a hura mata iska a ciki don a gani sosai, shi ya sa kafaɗa kan yi ciwo kwana biyu, kada ku ɗauka wani abu ne. Sai an auna abin da aka cire kafin a san ko za ta buƙaci gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura.

Sati ukun nan ne ya fi damuna, don ciwon ba ya jiran ku gama shawara. Kada ki yi musu da Yaya a tsakar gida, mutumin da zai zazzage jarinsa yana da haƙƙin tambaya. Ki lallaɓa shi ku je asibitin tare, ya tambayi likita da bakinsa sau nawa ya yi wannan aikin, kuma nawa ne kuɗin duka har da awon naman. In hankalinsa bai kwanta ba, ku ɗauki takardun awon ku ji ta bakin wani likitan kansar mata a asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba ko na LASUTH a Ikeja, amma cikin satin nan. Kafin ranar aikin ku dage da maganin sugar Umma, don in ya hau sosai ana iya ɗage tiyatar.